Mutumin da ke Cikin Mota: Patrick Lefevere da Sana'ar Riƙon Ƙungiyar Tseren Keke

 



An nemi in yi magana a kan shugabanci a fagen wasanni. Na san da yawanku sun zo da tsammanin za su ji sunan Ferguson ko Guardiola. Sai ku yi haƙuri, yau ba filin ƙwallo za mu ba. Za mu bi titi ne, mu shiga wata mota da ke bin bayan 'yan tseren keke a hankali, da kekuna jere a kan rufinta, mu zauna kusa da mutumin da ke riƙe da rediyo a hannu ɗaya da lissafin albashi a ka. Wanda na zaɓa shi ne Patrick Lefevere, ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya shafe kusan shekara 45 a wannan kujera, daga 1980 zuwa ƙarshen 2024. Ban zaɓe shi don halinsa ya kwanta mini a rai ba, za ku ji dalili nan gaba. Na zaɓe shi ne don babu wanda rayuwarsa ta fi tona asirin wannan sana'a, kyawunta da muninta.

Kafin mu je gare shi, dole mu san irin kasuwar da yake ci.

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da fili nata. Tana sayar da tikiti, tana karɓar kasonta na kuɗin talabijin, in ta sayar da ɗan wasa ta ci riba. Ƙungiyar tseren keke ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Filinta shi ne titin gwamnati. Ɗan kallo yana fitowa ƙofar gidansa ya tsaya ya sha kallo kyauta, ko sisi ba ya biya. Kuɗin talabijin kuwa aljihun masu shirya tsere yake shiga, babbansu kamfanin ASO na Faransa, mai Tour de France da Paris-Roubaix da wasu manyan tsere. Kyautar wanda ya ci Tour de France Yuro 500,000 ce, kuma bisa al'ada rabawa ake yi tsakanin 'yan ƙungiya da ma'aikata. Idan an kasa ta, ba ta isa ta riƙe ƙungiya mai 'yan tsere 30 da bakanikai da masu tausa da likitoci da direbobi da masu dafa abinci ko na ɗan lokaci ba. Abin da ƙungiya ke sayarwa guda ɗaya ne tak: sunanta da ƙirjin rigarta. Shi ya sa ba za ka ji ƙungiyar keke mai sunan gari ba sai nadiran. Sunan kamfani take ɗauka, ranar da kamfanin ya janye kuwa, sunan ya tafi, galibi ƙungiyar ma ta bi shi. A 2011 ƙungiyar HTC-Highroad, wadda ta yi shekaru tana fin kowa yawan nasara a duniya, ta rufe ƙofa saboda mai ita, Bob Stapleton, ya nemi mai ɗaukar nauyi ya rasa.

Sai kuma yadda ake tseren kansa. Babban abokin gaban mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Daga nan duk wata dabara ta samo asali. A Tour de France kowace ƙungiya mutum takwas take shigarwa, amma mutum ɗaya ake so ya ci. Sauran bakwai aikinsu su sha iska a madadinsa, su koma baya wurin mota su ɗebo masa ruwa da abinci, in tayarsa ta yi faci su ba shi tasu, in ya faɗi su jira shi su jawo shi ya cimma ayari. Akwai mutanen da za su yi shekara goma sha suna wannan bauta ba su taɓa ɗaga hannu a layin ƙarshe ba. Ga shi wasa ne na taron dangi, amma suna ɗaya ake rubutawa a littafin tarihi. To wa zai ce wa namiji mai ji da ƙarfi, wanda ya san zai iya ci, yau kai ne mai ɗebo ruwa? Wa zai biya shi har ya yarda? Wannan shi ne aikin manaja. In kuna son ku gane shi da kyau, ku tuna madugun fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro: shi ke sasantawa da sarakunan hanya, shi ke zaɓar zango, shi ke raba gardama cikin ayari, kuma in kaya sun salwanta shi ake tambaya.

An haifi Lefevere ranar 6 ga Janairu 1955 a Moorslede, wani ƙaramin gari a Flanders ta Yamma, yankin masu jin harshen Holanci a Beljiyam. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ruwan sama da iska da tsoffin hanyoyin duwatsu, inda tseren keke yake da matsayin da ya wuce wasa. Ya zama ƙwararren ɗan tsere a 1976. Ba laifi, ya taɓa abin kirki: a 1978 ya ci tseren Kuurne-Brussel-Kuurne, ya kuma ci zango ɗaya a zagayen Sifaniya, wato Vuelta. Amma ya auna kansa ya ga ba zai zama gwarzon tseren keke irin Eddy Merckx ba. A ƙarshen 1979 ya sauka daga keke, a 1980 ya shiga mota a matsayin daraktan tsere na ƙungiyar Marc Zeepcentrale, yana ɗan shekara 25, yana ba da umarni ga mutanen da wasunsu sun girme shi. Ya kuma karanci aikin akanta. Ina ganin wannan ya fi kofin Kuurne amfani a rayuwarsa.

Shekarun 1980 ba sai mun daɗe a kansu ba. Ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, Capri Sonne, Lotto, TVM, Weinmann. Tauraronsa ya fara haske ne a GB-MG a farkon shekarun 1990, sannan a 1995 ya koma Mapei tare da 'yan tserensa na Beljiyam. Mapei kamfanin Italiya ne mai yin gam ɗin manna tayil, mai shi kuwa, Giorgio Squinzi, mutum ne da son keke ya shiga jininsa, yana zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Sai ƙungiyar ta cika da zakaru, 'yan Italiya a gefe, 'yan Beljiyam a gefe. Inda zakaru suka yi yawa kuwa, ai sai an sami mai raba cara.

Nan za mu ɗan zauna, a ranar 14 ga Afrilu 1996.

Paris-Roubaix tseren yini ɗaya ne a arewacin Faransa, kimanin kilomita 260, kusan 50 daga ciki a kan tsoffin hanyoyin gona da aka daɓe da ƙullutun duwatsu. Keke yana karkarwa, hannu yana tsagewa, taya tana fashewa, in an yi ruwa kuma taɓo ya rufe fuska har uwa ba ta gane ɗanta. An fara shi a 1896, don haka na 1996 na cikar shekara ɗari ne, kowa yana kwaɗayinsa. Tun da sauran tafiya mai nisa, mutum uku suka tsere wa ayari, kuma dukkansu rigar Mapei ce a jikinsu: Johan Museeuw ɗan Beljiyam, da Gianluca Bortolami da Andrea Tafi, 'yan Italiya. Babu mai iya kamo su. Nasara ta tabbata ga ƙungiya, saura a san ta wa ce.

Ku sa kanku a kujerar Lefevere. In ya bar su su fafata, kowa zai fara ɓoye ƙarfi yana harara ɗan'uwansa, gudu ya ragu, na baya su matso, kuma ko an ci, an shuka gaba a cikin gida. In ya yanke hukunci, ya hana mutum biyu abin da watakila ba za su ƙara samu ba har abada. An yi waya da Squinzi a Italiya, an yi ta cacar baki ta tagar mota ana cikin gudu, kyamarori suna ɗauka. Hukuncin da ya fito shi ne Museeuw na ɗaya, Bortolami na biyu, Tafi na uku. Kusa da ƙarshe tayar Museeuw ta yi faci, sauran biyun suka jira shi. Suka shiga filin tseren Roubaix tare, suka tsallake layi hannuwa a sama, babu wanda ya yi yunƙurin wuce wani. Tafi bai ɓoye ɓacin ransa ba.

Jaridu da yawa sun ce an ci mutuncin tseren, an mayar da gasa rabon gado. Ni ina ganin suna da rabin gaskiya. Ɗan kallon da ya tsaya cikin sanyi tun safe ya cancanci ya ga an gwabza. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 1998 Mapei ta sake kwashe matsayi ukun farko: Franco Ballerini, Tafi, Wilfried Peeters. A 1999 ta maimaita, wannan karon Tafi ne a gaba, Peeters da Tom Steels suna biye. Wanda aka ce ya haƙura a 1996 ya karɓi nasa bayan shekara uku, abokansa suna tsare masa baya kamar yadda ya tsare wa wani. A 2001 kuma, bayan Lefevere ya bar Mapei ya kafa Domo-Farm Frites, aka sake yi: Servais Knaven, Museeuw, Romans Vainsteins. Sau huɗu cikin shekara shida. Abin da ya gina ke nan: ɗan tsere ya yarda cewa in ya ba da yau, za a ba shi gobe. Ba a rubuta wannan a kwantiragi. Manaja ne kawai jinginarsa, ranar da ya ci amana sau ɗaya kuwa babu mai ƙara jiran wanda tayarsa ta fashe. Peeters da Steels, da suka sauka daga keke, motar Lefevere suka shiga suka zama daraktocinsa shekara da shekaru.

Kada a ɗauka dabarar yawa ba ta taɓa kunyata shi ba. A tseren Omloop Het Nieuwsblad na 2015 mutum huɗu suka rage a gaba, uku nasa ne: Tom Boonen, Niki Terpstra da Stijn Vandenbergh. Na huɗun Ian Stannard ne, Baturen Ingila na ƙungiyar Sky. Uku a kan ɗaya, a gidansu, a gaban jama'arsu. Suka yi ta kai hari ba tsari, wannan ya kamo wancan, Stannard yana laɓe yana kallo, ƙarshe ya lallasa su duka. Har yau ana nuna hoton wannan rana ga matasa don su ga yadda ake zubar da nasarar da ta riga ta shigo hannu.

A shekarar 2000 an yi wa Lefevere aikin cire ƙari a gaɓar ciki mai sarrafa sukari, ya sha da ƙyar. A ƙarshen 2002 Squinzi ya janye Mapei daga tseren keke, ransa a ɓace saboda badaƙalar ƙwayoyi. A 2003 Lefevere ya tattara ragowar Mapei da Domo ya kafa ƙungiyar da aka fi saninsa da ita, Quick-Step, sunan wani kamfanin katakon daɓen ɗaki da ke yankinsu. Ku saurari sunayen da aka liƙa wa wannan ƙungiya cikin shekara 22: Davitamon masu ƙwayar bitamin, Innergetic masu katifa, Omega Pharma masu magani, Etixx masu abincin 'yan wasa, Deceuninck masu tagogi, Alpha Vinyl, Soudal masu gam da abin toshe tsaga. Kowane suna a cikin jerin nan yana nufin watanni na zarya, cin abinci da attajirai, da alkawari, da barazanar rufe ƙungiya a jarida don a ji tsoro a sa hannu. Ɗan kallo yana ganin Boonen yana ɗaga hannu. Bai ga dattijon da ya shafe damina yana lallashin mai sayar da katifa ba. Wajen 2010 ya sayar da kaso mafi tsoka na ƙungiyar ga Zdeněk Bakala, hamshaƙin attajiri ɗan ƙasar Cek, ya ci gaba da riƙe ragama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma Lefevere ya san yadda ake askin ba tare da an miƙa wa kuturun asakar ba.

A nan ne akantan ya fito sosai. Bai taɓa samun kuɗin da Sky, wadda ta koma Ineos, ko ƙungiyar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke kashewa ba. Don haka bai shiga kasuwar da ba zai iya ba. Cin Tour de France yana bukatar jagora mai tsadar gaske da mahaya duwatsu shida ko bakwai waɗanda kowannensu zai iya zama jagora a wani wuri. Ya bar musu. Ya kama tseren yini ɗaya da zangunan da ake gamawa da gudun ƙarshe, inda ƙungiya mai haɗin kai za ta iya ci kowane mako, sunan mai katako ya fito a talabijin daga Janairu zuwa Oktoba. Boonen, wanda ya ɗauko daga US Postal yana matashi, ya ci Roubaix sau huɗu da zagayen Flanders sau uku da kambun duniya na 2005. Paolo Bettini ya ci zinaren Olamfik na 2004 da kambun duniya sau biyu a jere. A 2018 kaɗai ƙungiyar ta ci tsere 73. A lokacin ne laƙabin da daraktansu Brian Holm ya fara yi musu da wasa, wato garken kyarketai, ya bi su har aka buga shi a riga ana sayarwa.

Ga kuma yadda yake sayen mutane. Yana son iri biyu: yaron da bai yi suna ba, da tsohon da aka ce ya ƙare. Philippe Gilbert ya zo masa a 2017 yana ɗan shekara 34, ya karɓi ƙaramin albashi da alkawarin lada in ya ci. Ya ci Flanders a shekarar, ya ci Roubaix a 2019. Da ya nemi doguwar kwantiragi, Lefevere ya bar shi ya tafi Lotto. Masu gudun ƙarshe kuwa kamar a layi suke: Mark Cavendish, Marcel Kittel, Fernando Gaviria, Elia Viviani, Sam Bennett, Fabio Jakobsen, Tim Merlier. Ban da Merlier, kowanne ya zo ya ci, farashinsa ya tashi, wata ƙungiya ta saye shi da tsada, kuma yawancinsu ba su ƙara kai inda suka kai a hannunsa ba. Lefevere ya gane cewa rabin nasarar mai gudun ƙarshe tana ƙafafun mutum uku ko huɗu da ke share masa hanya a kilomitocin ƙarshe, irin su Michael Mørkøv. Waɗannan yake riƙewa, zakaran kuwa a sake wani.

Labarin zuwan Cavendish ƙungiyar karo na biyu ya nuna fuskokin mutumin duka biyu. A ƙarshen 2020 Cavendish ba shi da ƙungiya, ciwo da damuwa sun cinye shi, ya yi hira yana kuka yana cewa watakila ya yi tserensa na ƙarshe. Lefevere ya ɗauke shi a kan mafi ƙarancin albashi. Bennett ya samu matsalar gwiwa, aka tura Cavendish Tour de France na 2021 a ƙurarren lokaci. Ya ci zango huɗu, ya ɗauki koriyar riga, ya kamo tarihin Merckx na cin zango 34. Saura ɗaya ya kafa sabon tarihi. A 2022 Lefevere ya bar shi a gida ya tafi da Jakobsen. Sai a 2024, da rigar Astana, Cavendish ya ci na 35. Mutane sun ce rashin tausayi ne. A lissafin ƙungiya kuwa, Jakobsen ne mai sauran shekaru a gaba, kuma ya ci zango na biyu a Tour na 2022.

Shi Jakobsen ɗin, shekara biyu kafin nan, ranar 5 ga Agusta 2020 a Katowice ta ƙasar Folan, Dylan Groenewegen ya matse shi ya afka cikin shingen ƙarfe suna gudun kusan kilomita 80 a awa. Fuskarsa ta ragargaje, haƙoransa suka zube, aka kwantar da shi a sume. Ƙungiyar ta jira shi har ya warke, ya dawo tsere a Afrilun 2021, ya ci zango uku a Vuelta ta wannan shekarar. Duk wanda zai ce Lefevere ba shi da amana sai ya fara bayanin wannan.

Yanzu ga inda ba zan yi masa ado ba.

Lefevere ya yi manyan shekarunsa ne a zamanin da ƙwayoyin ƙara kuzari suka yi wa tseren keke katutu, musamman EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini. A 1998 aka kama Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar Festina, a kan iyakar Beljiyam da Faransa da mota maƙare da magunguna, manajansa Bruno Roussel ya amsa cewa da tsari ake yi. A 2006 'yan sandan Sifaniya suka kama manaja Manolo Saiz. Manaja Bjarne Riis ya yi iƙirarin amfani da ƙwayoyi a 2007. Johan Bruyneel, manajan Lance Armstrong, an haramta masa sana'ar har ƙarshen rayuwarsa. Tsararrakinsa ke nan, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi, shi yana tsaye. A Janairun 2007 jaridar Het Laatste Nieuws ta zarge shi da shekara 30 na harkar ƙwayoyi. Ya amsa cewa ya sha ƙwayar amfetamin lokacin da yake ɗan tsere, ya musanta sauran, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya ta ci jaridar diyyar Yuro 500,000. A wannan watan ne Museeuw, zakaran da ya fi kusa da shi, ya fito ya amsa cewa bai yi wasa da gaskiya ba a ƙarshen sana'arsa. Babu hukumar da ta taɓa kama Lefevere da laifin shirya wa ƙungiya ƙwayoyi, kuma ba zan ɗora masa abin da kotu ta sauke masa ba. Abin da zan ce shi ne, mutumin da ya san nauyin kowane ɗan tserensa da abin da ya ci da safe, da wuya a ce zamanin nan ya wuce ta gabansa bai ji ƙamshin komai ba. Manajojin wancan lokaci gaba ɗayansu, masu laifi da marasa laifi, sun ci moriyar nasarorin, 'yan tsere kuma su ne suka ɗauki dakatarwa da kunya da ciwon jiki.

Sai bakinsa. Yana da shafi na mako-mako a jaridar Het Nieuwsblad, kuma ya mayar da shi bulala. Da Bennett zai koma tsohuwar ƙungiyarsa ta Bora a 2021, Lefevere ya kwatanta shi da matar da ke komawa gidan mijin da ke dukanta. Julian Alaphilippe, wanda ya sa rigar jagora ta ruwan ɗorawa kwana 14 a Tour na 2019, ya kuma kawo masa kambun duniya a 2020 da 2021, ya yi mummunar faɗuwa a Liège a 2022, haƙarƙari ya karye, huhu ya huje. Da nasara ta yi ƙaranci albashi kuma yana nan da yawa, Lefevere ya dinga caccakarsa a bainar jama'a, har a 2024 ya zarge shi da yawan biki da barasa, ya sa abokiyar zamansa Marion Rousse a ciki. Ita kuwa ba ƙaramar mace ba ce, ita ce daraktar Tour de France na mata, ta mayar masa da martani a fili. A Maris na wannan shekara kwamitin ɗa'a na hukumar keke ta duniya, UCI, ya yanke masa tarar kuɗin Suwizalan 20,000 ta jeka-ka-gyara-halinka saboda kalamansa a kan mata, da sharaɗin ya nemi afuwa ya kuma halarci horo. Masu kare shi suna cewa dabara ce, yana zuga ɗan tsere ne ko yana karya farashinsa kafin ciniki. Idan dabara ce, to ta fi muni, don da gangan ake yi. Baki shi ke yanka wuya, kuma a nan ya yanki wuyan amanar da shi da kansa ya gina tun 1996. Kuna iya sallamar mutum saboda lissafi, kowa zai gane. Tozarta shi bayan ya karya haƙarƙarinsa a cikin rigarka wani abu ne daban.

Wani abin dariya a gefe: a 2021 an tambaye shi ko zai kafa ƙungiyar mata, ya ce shi ba ofishin ba da agaji ba ne. Ba a daɗe ba ya shiga harkar, aka sami AG Insurance-Soudal. A 2025 'yar tseren wannan ƙungiya, Kim Le Court ta tsibirin Morishiyos, ta ci Liège-Bastogne-Liège, ta kuma zama mace ta farko daga Afirka da ta sa rigar jagora a Tour de France na mata.

Babinsa na ƙarshe sunansa Remco Evenepoel. Yaro ne ɗan ƙwallon ƙafa, ya taso a makarantun Anderlecht da PSV, sai a 2017 ya koma keke. A 2018 ya cinye kambun duniya biyu na matasa a Innsbruck. Lefevere ya yi wuf ya ɗauke shi kai tsaye zuwa cikin manya. Yana ɗan shekara 19 ya ci tseren San Sebastián. A Agustan 2020 ya faɗa ƙasan gada a tseren Lombardiya, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ya tashi, a 2022 ya ci Liège, ya ci Vuelta, ya ci kambun duniya. Rabon ɗan Beljiyam da cin ɗaya daga cikin manyan zagaye uku tun Johan De Muynck a Italiya a 1978, ita kuma Quick-Step wannan ne nata na farko.

Sai dai wannan nasara ta zo da kuɗinta. Saboda Evenepoel, Lefevere ya shiga kasuwar da ya shekara 20 yana gudu. Ya fara sayen mahaya duwatsu irin su Mikel Landa, kuɗin kuwa daga ɓangaren tseren duwatsun Flanders aka zare shi. Kasper Asgreen ya ci Flanders a 2021; daga nan Mathieu van der Poel da Tadej Pogačar suka karɓe bazarar da ta kasance tasa, rigar Quick-Step ta ɓace daga gaba a tseren da ta gada. Ƙungiyar da aka gina a kan kada a dogara da mutum ɗaya ta koma rataye a wuyan mutum ɗaya. A kakar 2023 har an yi nisa da maganar haɗe ta da Jumbo-Visma ta Holan, ma'aikata suka yi makonni ba su san makomarsu ba, kafin maganar ta wargaje. A 2024 Evenepoel ya zo na uku a Tour de France, ya kuma ci zinare biyu a Olamfik na Paris. Nan ne iyakar kusantar da Lefevere ya yi wa kofin da bai taɓa ɗauka ba.

A Disambar 2024 aka sanar zai sauka, kwanaki kaɗan kafin ya cika 70. Wanda ya gaje shi, Jurgen Foré, daga duniyar kamfanonin ba da shawara kan kasuwanci ya fito, abin da ke nuna inda sana'ar ta dosa: yanzu dauloli da manyan kamfanonin duniya ke zuba kuɗi, masana abinci da masu nazarin alƙaluma sun cika motar, ba a cika ƙulla ciniki a kan teburin cin abinci da mai masana'antar garinku ba. A Tour na 2025, na farko ba tare da shi ba, ƙungiyar ta ci zango huɗu: Merlier biyu, Evenepoel ɗaya, Valentin Paret-Peintre kuma a kan dutsen Ventoux. A watan Agusta aka sanar Evenepoel zai bar ta tun kafin kwantiraginsa ta ƙare, ya koma Red Bull-Bora-Hansgrohe, inda kuɗin ya fi yawa. Foré kuwa ya juya ya fara sayen mutanen hanyoyin duwatsu, irin su Jasper Stuyven da Dylan van Baarle, don mayar da ƙungiyar kan tseren yini ɗaya.